Darasin Wannan Wata: Kada Ɗan Riƙo Ya Rasa Hanyar Gidansu

Wannan darasi domin ƙungiyoyin mata ne da na manoma, da kowane gida inda ake riƙon yaron da ba a nan aka haife shi ba. A karanta shi da ƙarfi a wurin taro, a hankali, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji. In ya yi tsawo, a raba shi zama biyu.

Bari mu fara da misali, irin wanda yawancinmu mun taɓa gani.

A ce wata shekara da rani Fulani suka sauka a bakin fadamar Likoro. Wata mai tallar nono ta saba da wata matar gari, har suka ƙulla ƙawance. Kafin ruwa ya sauko sai ciwo ya kama Bafillatanar, ta rasu, ta bar yarinya 'yar shekara uku. Uban ba shi da mai duba ta, ga shanu za su tashi. Ya kawo ta wurin ƙawar matarsa, ya ce amana. Matar ta karɓa da hannu biyu. Ta ciyar da ita, ta sa ta makaranta, ta koya mata daka da tuƙin tuwo. Ba ta taɓa bambanta ta da 'ya'yan cikinta ba, ba ta kuma taɓa gaya mata kome ba.

Shekara goma sha biyar suka wuce. Masu neman aure suka zo, dattawa suka zauna a zaure. Sai wani tsoho daga cikin baƙin ya yi tambayar da akan yi kullum: "'Yar wane ce? Wane ne zai ba da ita?" Maigida ya yi shiru. Abin da suka sani game da uban shi ne laƙabinsa, da cewa sun yi kudu. Yarinya kuwa tana bayan zana tana ji. Da dare ta sami matar a ɗaki, ta ce, "Inna, ashe ba ke kika haife ni ba?"

Matar nan ba ta yi mugunta ba. Ƙauna ce ta sa ta yi shiru. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ta ɓoye shekara goma sha biyar ya fito a rana mafi muni, ta bakin baƙo.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a gare mu

Kafin Turawa su zo da maganar kotu da takarda, Bahaushe yana da riƙo. Akan kai yaro yaye wurin kakarsa, wani lokaci ya zauna ke nan. Ɗan fari, wanda iyaye suke jin kunyarsa, sau da yawa a hannun gwaggo ko kaka yake girma. Matar da ba ta sami haihuwa ba, 'yan'uwanta sukan ba ta ɗa tallafi, domin kada ɗakinta ya zama kango. Wata tsohuwa mai suna Baba, mutuniyar Karo, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a shekarun 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Ita kanta ba ta haihu ba, 'ya'yan riƙo ta goya, kuma labarinta cike yake da yaran da aka ba wannan, aka ba wancan a cikin dangi.

Ku lura da abu ɗaya a wannan tsohon tsari. Yaron ya san uwarsa, ya san ubansa. Yana zuwa gidansu da salla, ana kiransa da sunan ubansa, ranar aurensa kuwa gida biyu ne suke hidima. Riƙo ƙari ne aka yi masa, ba a rage masa kome ba.

Addinan da muke bi a wannan ƙasa ba su saɓa wa wannan ba. A Musulunci, Suratul Ahzab aya ta 4 da ta 5 sun hana a mai da ɗan riƙo ɗan ciki, sun ce a kira shi da sunan ubansa. Masu karanta Littafi Mai Tsarki kuma sun san Musa ya girma a gidan Fir'auna, amma uwarsa ce ta shayar da shi, ya kuma san mutanensa. Esta marainiya ce a hannun Mordekai, ba ta kuwa manta kabilarta ba.

To, me ya sake? Nisa. Dā ɗan riƙo daga unguwa zuwa unguwa yake tafiya, ko daga Likoro zuwa Kudan. Yanzu yara suna zuwa mana daga wurare masu nisa, kuma sau da yawa ta hanyar masifa. Yunwar 1973 da 1974 ta kawo Buzaye da mutanen Nijar da 'ya'yansu har ƙasar Zazzau. Tun daga 2009 rikicin Barno da Yobe ya bar marayu masu yawa. Bayansa 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari da Giwa. Akwai kuma agola, wanda uwarsa ta zo da shi gidan sabon miji daga wata kabila, ta rasu ta bar shi. Irin waɗannan yara, in mai riƙo bai tashi tsaye ba, hanyar gidansu takan shafe cikin shekara kaɗan.

Abin da ya sami waɗansu kafin mu

Akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, mutumin Dambanas kusa da Kance, a ƙasar Nijar ta yau. Yana wajen shekara goma sha ɗaya mayaƙan Damagaram suka kama shi, aka sayar da shi har Kukawa. Wani Bajamushe, Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852 sai yaron ya bi Barth, wanda ya kai shi Tambutu, ya kuma tafi da shi Ingila a 1855. A can ya zauna a gidan wani malamin mishan mai suna Schön. Shi wannan malami yana nazarin Hausa, saboda haka kullum yakan zaunar da yaron, ya sa shi ya yi magana da harshensa, yana rubutawa. Dorugu ya faɗi sunan ƙauyensu, da aikin ubansa, da yadda aka kama shi. Labarin yana cikin littafin Magana Hausa na 1885. Ya komo ƙasarmu a 1864, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, inda ya rasu a 1912. Schön domin aikinsa ya yi wannan, gaskiya ne. Duk da haka yaron ya ci riba: an tambaye shi, an saurare shi, an rubuta. Yau fiye da shekara 160 muna iya faɗin sunan ƙauyensu.

Ba kowa ya sami wannan ba. A farkon mulkin Turawa an buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, a 1909 kuma 'yan mishan suka buɗe nasu a Rumasha. Yaran da aka tara a can daga kabilu dabam dabam suke. An ciyar da su, an koya musu karatu da sana'a, amma da yawa an kama su tun suna ƙanana ƙwarai, ba wanda ya san inda za a mai da su. Haka kuma lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, an kwashe dubban yara da jirgin sama zuwa Gabon da Kwaddibuwa domin a cece su daga yunwa. Bayan yaƙi aka komo da su. Waɗanda aka rubuta sunan iyayensu da garinsu, nemansu ya zo da sauƙi. Waɗanda aka ɗauka ba takarda, aka sha wuya.

A Ostareliya gwamnati ce da kanta ta yi shekaru da yawa tana raba 'ya'yan mutanen ƙasar na asali da iyayensu, tana ba Turawa da gidajen reno, wai domin su waye. Yaran suka girma ba harshe, ba dangi. Ran 13 ga Fabrairu 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya roƙi gafararsu. Masu riƙon da yawa sun yi tsammani alheri suke yi.

Saboda irin waɗannan abubuwa ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ce yaro yana da haƙƙin sunansa da danginsa. Sashe na 20 ya ce in za a ba wani riƙon yaro, a lura da kabilarsa da addininsa da al'adarsa da harshensa. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018.

Ina ruwan yaro da asali, tun da yana ci yana sha?

Wani zai yi wannan tambaya, kuma ba tambayar banza ba ce. Ga amsa.

Na fari aure, kamar yadda muka gani. A ƙasarmu ba a ɗaura aure sai an binciki asali. A wurin Musulmi akwai maganar waliyyi. Akwai kuma haramcin nono: in uwar riƙo ta shayar da jariri, ya zama ɗan'uwan 'ya'yanta, ba aure tsakaninsu. In ba ta shayar da shi ba, hukuncin dabam ne. Wa zai tuna wannan bayan shekara ashirin in ba a faɗa ba? Abin da ya fi wannan ban tsoro, yaron da bai san danginsa ba yana iya neman 'yar'uwarsa ta jini bai sani ba.

Na biyu lafiya. Ciwon sikila, wanda waɗansu suke kira amosanin jini, gadonsa ake yi. A Nijeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa ba tare da yana ciwo ba. In biyu masu ɗauke da shi suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Gwajin jini a asibiti shi ne yake raba gardama, amma sanin cewa 'yan'uwan yaro sun mutu da ciwon ƙashi da kumburin hannu yakan sa a yi gwajin da wuri.

Na uku gado, a nan kuwa za mu daɗe kaɗan, gama mu manoma ne. A shari'ar Musulunci ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa. Gadonsa yana gidan ubansa. A gidajen da ba na Musulmi ba ma, in maigida ya mutu, 'yan'uwansa sukan tashi su ce wannan ba jininmu ba ne. To, dubi halin yaron da aka ɓoye wa asali. A nan an ce ba shi da rabo. A can kuwa ba wanda ya san fuskarsa, gonar ubansa wani kawu ya daɗe da haɗe ta da tasa. Ya tashi a tutar babu, ba nan ba can. Ku da kuke noman rake da tumatir kun san abin da ɗan yankin fadama yake nufi a ƙasar Kudan da Makarfi. Ba wanda zai saki fadama domin wani saurayi ya zo da baki kawai ya ce ta ubana ce.

Saboda haka mai riƙon maraya yana da aiki biyu. Ya je tun da wuri, tare da mai unguwar can da shaidu, a zaga iyakar gonar uban, a rubuta wanda yake nomanta da sharaɗin da aka yi, ko aro ne, ko haya, ko jingina. Sa'an nan in yana so yaron ya sami wani abu daga nasa, kada ya bari sai ya mutu. Ya ba shi kyauta yana da rai, a gaban shaidu, yaron ya karɓa a hannunsa. Ko kuwa ya yi wasiyya, wadda a Musulunci ba ta wuce sulusin dukiya. "Ai 'ya'yana sun san nufina" ba takarda ba ce.

Na huɗu takardun hukuma. Takardar haihuwa, da lambar ɗan ƙasa wadda tun 2021 ba a rubuta jarrabawar shiga jami'a sai da ita, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, duka suna tambayar sunan uba da garinsa. In an rubuta ƙarya a ta fari, sauran duka za su bi ta, gyara kuwa sai an sha kotu.

Bayan waɗannan duka akwai abin da ba a aunawa da mudu. Mutum yana so ya san kamannin wa ya ɗauko.

Littafin asali

Dā takardar yaro a fuskarsa take. Wanzami yakan yi masa askar gidansu, ko ya ɓata a kasuwa a duba kumatunsa a ce wannan Bagobiri ne, wannan Babarbare ne. Yanzu an bar wannan, dokar 2003 ma ta hana tsaga jikin yaro, mu ma ba mu ce a koma ba. Amma sai mu sa wani abu a gurbinsa.

Ku sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ranar da yaro ya shigo gidanku, ko yau in ya riga ya daɗe, a zauna da wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami. A rubuta sunansa na yanka da laƙabin da uwarsa take kiransa. A rubuta sunan uba da na kaka, da na uwa da na ubanta. A rubuta ƙauye, da unguwa, da gunduma, da kasuwar da suke ci, gama ƙauyuka masu suna ɗaya suna da yawa. Unguwar Sarki ko Sabon Gari kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. In Bafillace ne a tambayi zuriyarsu da arɗonsu, da inda suke yin damina, da inda suke cin rani. A rubuta sana'ar gidan, ko maƙera ne, ko masaƙa, ko malamai. A rubuta wanda ya kawo shi, da ranar, da dalili, da waɗanda suke wurin. A sa lambar waya ta dangi fiye da ɗaya. A 2020, lokacin cutar korona, da gwamnonin Arewa suka yi ta mai da almajirai jihohinsu, sai da ma'aikata suka bi yaro yaro suna neman gidajensu. Layi biyar a takarda da ya rage wannan wahala.

In akwai tsohuwa a dangin, kada ku jira. Ku sa ta yi magana a ɗauka a waya: ta faɗi kakanni, ta yi kirarin gidan, ta yi tatsuniya ɗaya da harshensu. A ɗauki hoton kabari, da na gidan, ko kango ne. Waya takan lalace, saboda haka a wanke hoto biyu ko uku, a tura muryar ga wani amintacce. Littafin kuma a kwafe shi, ɗaya a gida cikin leda saboda gara da ɗigon ruwa, ɗaya a wurin mai unguwa ko wani dattijo.

Yaron da aka tsinta fa? Da fari, ba a ɗaukarsa a shige ɗaki. A kai magana ga mai unguwa da 'yan sanda da ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, wanda ga mutanen Likoro yana Hunƙuyi. Wataƙila ana nemansa. Duk wanda kuma ya ce zai samo muku jariri ku biya kuɗi, ku guje shi, wannan cinikin mutum ne. In hukuma ta ba ku riƙonsa, ku rubuta ɗan abin da aka sani: wurin, da ranar, da wanda ya fara ganinsa. Zanen da aka same shi a ciki, da guru ko ɗan kunne, a wanke a ajiye. A idonku tsumma ne. A wurinsa shi ne kaɗai abin da hannun uwarsa ya taɓa.

Yaushe za a gaya masa?

Tun bai iya tambaya ba. Wannan shi ne ra'ayinmu, mun kuwa san waɗansu iyaye ba za su so shi ba. Yaron da ya tashi yana jin "innarka ta ruga, Allah ya ji ƙanta, ita ma haka take dariya" ba shi da ranar da ƙasa za ta tsage a ƙarƙashinsa. Abin ya zama kamar sanin sunansa. Amma wanda aka ɓoye wa, a bakin rijiya zai ji, ko a filin ƙwallo, ko daga kishiya ranar faɗa. A ƙauye ba asiri. Kowa ya sani sai shi.

Ba a ɗora wa ɗan shekara huɗu kayan ɗan shekara goma sha biyar. Ƙarami a ce masa, "Kana da uwa biyu, wadda ta haife ka da wadda take goyonka." In ya kai bakwai ko takwas zai tambayi dalili, a ba shi amsa gajeriya ta gaskiya. In ya balaga a ba shi littafin ya karanta da kansa. In labarin mai ɗaci ne, wato an kashe iyayen, ko uwar ta sami taɓin hankali, ko ba a ɗaura aure ba aka haife shi, a jinkirta ɗacin, amma kada a yi ƙarya. Kada a ce ta mutu alhali tana da rai. Kada kuma a zagi iyayensa a gabansa ko sun yi laifi, gama yaro yakan ji kamar shi ake zagi.

Babban abin da yake ɓata riƙo shi ne gori. "Tsintacciyar mage ba ta mage." "Ka koma gidan ubanka mana." Kalma ɗaya irin wannan cikin fushi takan rushe aikin shekara goma. Maigida ya ja kunnen matansa da 'ya'yansa a kan wannan tun ranar fari. Asalin yaro ba sanda ba ne da za a ajiye a bayan ƙofa domin ranar da ya yi laifi.

Harshe, tuwo da ƙafa

Kowace mai lambu ta san in za a cire dashen tumatir daga wurin reno, ba a kakkaɓe ƙasar da take jikin saiwa. Da ita ake dasa shi, shi ya sa yake kamawa da wuri.

Harshe shi ne ya fi saurin zubewa. A 2019 'yan sandan Kano suka gano yara tara da aka sace, aka kai yawancinsu Anaca. An sake musu suna, waɗansunsu kuma Hausa ta riga ta kuɓuce musu cikin 'yan shekaru. Wannan sata ce, ba riƙo ba, amma ta nuna yadda bakin yaro yake saurin juyawa. Ku da ba ku jin harshensa, me za ku yi? Ku duba kewaye da ku. Mai nonon da take shigowa gidanku kowace safiya makaranta ce. Ku roƙe ta ta riƙa gaishe da yarinyar da Fillanci, ta zauna da ita ɗan lokaci. In Babarbare ne, da wuya a rasa mai jin Barbarci a Zariya ko a kasuwar Makarfi. Ku ma ku koyi gaisuwa, ko "a wali jam" ko "wushe" kaɗai. Ranar da yaro ya ji uwar riƙonsa tana karya harshe da yaren gidansu, zai yi dariya, zai kuma gane ba abin kunya ba ne. Kada a hana shi yin yarensa, kada yara su kwaikwaye shi.

Abinci ma haka. A tambayi abin da ake dafawa a gidansu da biki, ko burabusko ne, ko gwaten acca, a dafa shi wani lokaci, kowa ya ci. A gaya masa abokan wasan kabilarsa, cewa Fulani da Barebari ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba, haka Gobirawa da Yarabawa, kamar yadda mu Zagezagi muke yi da Kanawa. A nuna masa taubasansa na jini.

Amma zumunci a ƙafa yake. Sau ɗaya a shekara, bayan an kai amfanin gona gida, a kai shi. In an sayar da rake ko mazarƙwaila a ware kuɗin mota tun kafin su narke. In an yi rasuwa ko aure a danginsa, a je da shi, kada a aika da gaisuwa kawai. Zuwan fari kada a bar shi shi kaɗai ya kwana, ku je tare ku komo tare, domin kada ya yi tsammani mai da shi aka yi. In hanyar garinsu ba lafiya, kada a sa rai cikin hatsari. A nemi danginsa da suka yi gudun hijira zuwa Zariya ko Kaduna ko Funtuwa, a yi waya, a jira.

Kada kuma a wuce gona da iri. Waɗansu sukan mai da yaro baƙo a gidansu da yawan "Bafillatanarmu" da "ɗan Barno" a gaban kowane mai shigowa. Shi ɗan gidan nan ne, ɗan Likoro ne, yana kuma da wani gida. Akwai shekarun da zai ce ba ya son jin maganar. A ƙyale shi, a ajiye littafin. Zai nema, yawanci in aure ya matso, ko ranar da aka haifa masa ɗa.

Magana biyu masu nauyi

Ta fari addini. A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, Musulmi da Kirista da Maguzawa suna zaune kusa da juna, wani lokaci a dangi ɗaya. Yakan faru maraya ya faɗa hannun wanda ba addininsu ɗaya da iyayensa ba. Shawararmu ita ce a fara neman mai riƙo a cikin danginsa da addinin iyayensa. In ba a samu ba, a yi maganar a fili da dangi da mai unguwa kafin yaro ya kwana, a rubuta abin da aka shirya. Kada kowa, daga kowane gefe, ya mai da yunwar maraya ƙofar sake masa suna da addini a ɓoye. Wannan cin amana ne, ya kuma isa ya tada fitina a gari.

Ta biyu tsoron uwar riƙo. Ba ta faɗa, amma abin da yake ranta ke nan: "In na nuna mata hanya, za ta tafi. In sun san inda take, za su ƙwace." Ba za mu ce wannan ba ya faruwa ba. Akwai dangin da ba a ganinsu lokacin zawo da ƙyanda, sai yarinya ta isa aure, ko yaro ya isa riƙe garma, su bayyana. Abin da yake rage wannan shi ne shiri tun fari a gaban mai unguwa da shaidu daga gefe biyu: riƙon na shekara nawa ne, wa zai biya makaranta, wa zai yi kayan ɗaki, wa zai ba da aure. In gardama ta taso duk da haka, ofishin walwala da kotu suna nan, kuma takardar da littafin su ne za su tsaya muku. Ɓoyo ba ya hana ƙwace, sai dai ya sa ranar da suka zo yaron ya ga kamar ku ne kuka zalunce shi. Sauran mata kuma kada su bar uwar riƙo ita kaɗai da wannan tsoro. Ranar da za ta kai yaro garinsu, wata ta raka ta.

Aikin ƙungiya kafin taro na gaba

A wurin taro ku tattauna wannan: da ke ce matar da muka fara da labarinta, me za ki ce wa yarinyar a daren nan? Washegari kuma ta ina maigida zai fara neman uban, a wurin arɗo, ko a kasuwar shanu, ko a wurin masu nono?

Sa'an nan ku zaɓi mutum biyu masu riƙe asiri, mace da namiji, ɗaya ya iya rubutu. Kada a kira sunan kowane yaro a bainar jama'a. Mai riƙon da yake so, ya same su a gida. Ƙungiya ta sayi littattafai goma daga asusunta, da leda. A fara da yaran da kakanninsu suka tsufa ƙwarai, da waɗanda ba su da takardar haihuwa. Magatakarda ya tambayo ranar da ma'aikacin Hukumar Ƙidaya yake zama a asibitin da ya fi kusa da ku, ya kawo amsa a taro mai zuwa.